Isaka na Bande da littafin da aka sa wa sunan wani

Shekara shida ke nan da muka binne Isaka a Bande, shekara goma kuma da muka fito daga makarantar horon malamai a Damagaram. Watan jiya ƴan ajinmu suka yi taro a Magariya don tunawa da fitarmu. Rasuwarsa kuwa ba wanda ya tuna da ita sai ni. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, kuma gara mai karatu ya sani tun daga nan cewa ban zo neman sulhu da kowa ba.

Mu biyar ne ƴan ƙasar Magariya da Dungas a wannan aji. In an ba da hutu, kamiyon gyaɗa da ya sauke kaya yana komawa muke hawa, kowa ya zauna kan akwatinsa na ƙarfe. Akwai ni, Lawali ɗan Waca, wanda bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa zuwa na ƙarshe ba. Akwai Sani, wanda tun muna aji yake sayar mana da sabulu da ashana da yake samowa wajen kawunnansa na tsallaken iyaka. Shekara biyu ya yi yana koyarwa ya ajiye alli, yau Alhaji ne, rabin waken da ke ƙetare iyaka ta hannunsa yake bi. Akwai Habu ɗan Dungas, dogo, mai tsaron gida a ƙwallo, wanda in ya yi dariya sai an jiyo shi daga ɗakin direkta. Yau shi ne direktan lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, kuma da hannunsa ya dasa duk dogon yaron da yara ke shan inuwarsa a can. Ba ni da wani ƙorafi a kan waɗannan biyu sai irin wanda nake da shi a kan kaina, zan kuwa zo gare shi.

Na huɗu muna ce masa Supirefe, wato babban jami'in gwamnati mai mulkin yanki, saboda ji da kansa. Ba zan rubuta sunansa na yanka ba, ba don na yafe masa ba, sai don masu jarida ba za su buga ba. Duk wanda ya kamata ya gane shi zai gane. Ɗan wani akawu ne, a birni ya girma, hutu kawai ke kai shi Magariya. Alƙalami uku yake jerawa a aljihun riga, ko mai ƙosai ya je wajenta da Faransanci yake yi mata magana. Lissafi ba ya shiga kansa ko kaɗan, amma Allah ya ba shi kyawun rubutu, ya ba shi kuma wata baiwa da mu ba mu da ita: in ya shiga taro, kafin ya zauna ya gane wanda zai yi girma gobe, ya je ya riƙe masa jaka.

Na biyar shi ne Isaka. Gajere ne, mai wushirya, yana tafiya da sauri kamar wanda shanu suka yi wa nisa. Gidansu noma suke yi suna kiwo, kuma ba da son ran babansa aka kai shi lakwal ba. Tun daga shekarar farko har muka fita, shi ke zuwa na ɗaya. In ka kasa gane darasi ka je wajensa, sai ya mai da shi awaki da damman hatsi, kafin ya gama ka gane. Yana da nasa aibu. Bakinsa na da kaifi, bai iya gaida manya yadda suke so ba, kuma in ya yarda da mutum ba ya ƙara dubawa. Ranar da aka ba mu takardun fita, Supirefe ne ya karanta jawabin ɗalibai, aka yi ta tafi, matar wani babba har da share hawaye. Isaka ne ya rubuta jawabin, ina zaune kusa da shi lokacin da yake rubutawa. Da na ce masa bai kamata ba, sai ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Lawali. Shi ke da wando mai guga."

Aka raba mu. Ni aka mai da ni Waca. Supirefe bai yi wata shida a aji ba wani kawunsa ya sama masa wurin magatakarda a biron ansipekta, wato ofishin mai duba makarantu, a Magariya. Isaka kuwa aka tura shi wani ƙauye gaba da Guci, ya buɗe lakwal a rumfar zana, benci babu, sai guntayen itace.

Matasan malamai na yau ba za su yarda da yadda abin yake a lokacin ba. Yaro ya zo daga gida bai taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci ba, ranar farko a hana shi Hausa. Wanda ya yi subul da baka ya yi ta, a rataya masa sambol a wuya, wani ƙashin jaki da aka ɗaura wa igiya, ya yini da shi yana neman wanda zai miƙa wa. Ni ma na rataya wa yara shi. Isaka kuwa satin farko ya jefa wa kare nasa. Da safe yana koya musu karatu da Hausa, da yamma ya shiga Faransanci, kuma ranar kasuwar Guci ba ya kiran suna, don ya san rabin ajin na can da awaki. Tunda babu littafi, sai ya zauna ya rubuta nasa a kaye, irin littafin rubutun nan na ƴan lakwal mai layi-layi. Harafi bayan harafi, sannan kalmomi, sannan gajerun labarai na rijiya da garke da gona.

A shekararsa ta uku na kai masa ziyara a kan keke. Ina zaune a bayan rumfa sai ga wani dattijo ya shigo da wasiƙar da ɗansa ya aiko daga Kano. Bai miƙa wa malam ba, ƴarsa ya kira daga cikin aji, yarinyar da ba ta fi shekara tara ba, ta karanta masa tun daga gaisuwa har ƙarshe. Nawa ɗaliban na Waca, da shekarunsu uku a hannuna, sai dai su rera abin da na faɗa su maimaita. Na dubi kayen nan guda uku da ya tsabtace da tawada, na ce masa wannan aiki ya fi ƙarfin rumfar zana. Na ce ya kai wa Supirefe ya nuna wa ansipekta. Ya ce shi ba ya son biro. Na matsa masa, na ce ai namu ne, tare muka ci tuwon makaranta. Ni na faɗi wannan magana, da bakina, kuma ni na ɗauki kayen a jakata na kai Magariya.

Wata biyu bayan haka aka dakatar da Isaka daga aiki. Takardar ta ce ya karya dokar koyarwa, ya mai da lakwal dandali, sannan, abin da ya fi muni, wai yana tara iyayen yara yana zuga su kada su biya haraji. Wanda ya san wancan lokaci ya san nauyin wannan zargi. Ruwa ya ƙi zuwa shekara biyu a jere, hukuma tana jin tsoron kowane taro, ko na suna ne. Isaka bai taɓa zuga kowa ba. Iyayen da ke taruwa wajensa, haruffa suke koyo bayan la'asar.

Sai daga baya na san yadda aka yi. Tsohon ansipektan, bayan ya yi ritaya, na same shi a ƙofar gidansa na tambaye shi. Ya ce ya karanta kayen nan, sun burge shi, har ya faɗa a biro cewa yaron da ya yi wannan aiki ya kamata a kawo shi kusa da shi. Kujera ɗaya ce a kusa da shi, kuma da mai ita a kai. Bayan sati guda magatakardansa, Supirefe, ya kawo masa labarin haraji, a rubuce, da kyakkyawan rubutu. "Ni dai an kawo mini na sa hannu, ɗana," in ji tsohon. "Na ji tsoro. In gaskiya ne kuma na yi shiru, ni za a ɗaure."

Mu fa? Ni da Habu da Sani mun haɗu a kantin Sani, muka ce za mu rubuta takardar koke mu sa hannu dukkanmu. Sani ya ce shi ya bar aikin gwamnati, sa hannunsa ba zai yi amfani ba. Habu ya ce a jira ƙura ta lafa. Ni kuwa ban daɗe da aure ba, matata na da ciki, na ce Habu ya yi gaskiya. Ba mu rubuta komai ba.

Isaka ya koma Bande ya tarar da shanunsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Babansa ya tsufa, ba zai iya tafiya ba. Sai shi da wansa suka yanke shawarar kora abin da ya rage zuwa kudu, ko a sami ciyawa. Na je na same shi a bakin rijiya kwana biyu kafin su tashi, ya tuɓe takalma, yana jan guga. Bai zarge ni da komai ba, da ma ya zarge ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "In ka shiga Magariya ka karɓo mini kayena. In na dawo zan ƙara darasi biyu, na ga inda na yi kuskure a wajen harafin ƙa." Na je biro. Supirefe ya ba ni kujera, ya aika aka sayo mini lemo, ya ce kayen an haɗa su da takardun shari'ar an tura Damagaram, ba ya da iko a kansu.

Wata huɗu suka yi a kudu. Can Isaka ya sha ruwan wani tafki, zawo da zazzaɓi suka kama shi. A amalanke aka dawo da shi, da sauran numfashi, ya kwana biyu a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Jumma, ya cika. Ya bar mata ɗaya, Rabi, da jaririya mai suna Zuwera. Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Supirefe bai zuba masa komai a ruwa ba. Amma da ba don takardar nan ba, a ranar da ya sha ruwan tafkin yana cikin rumfarsa da alli a hannu. Wannan ma gaskiya ce, kuma ba wanda zai sa in haɗiye ta.

Ba a yi shekara ba mulki ya sauya, iska ta juya. Abin da aka kori Isaka a kansa ya zama abin da manya ke nema: a gwada koya wa yara karatu da harshen gida. Sai muka ji labarin cewa wani haziƙin matashi daga Magariya ya isa Yamai da cikakken littafin koyon karatu da Hausa. Supirefe ne. Aka yaba masa a rediyo. Aka tura shi ƙasar waje ƙaro ilimi. Ya dawo aka ba shi biro da mota da direba. Bara aka aiko mana da littafin a Waca. Na yanke igiyar ƙunshin a gaban ɗalibai, na buɗe shafin farko, sai na ce musu su fita su sha iska. Kalma ɗaya bai sauya ba. Inna Jumma tana nan a darasi na bakwai tana tatsar saniyarta. Kuskuren da Isaka ya ce zai gyara a harafin ƙa yana nan yadda yake. Abin da ya ƙara kawai shi ne sunansa a bango, da manyan baƙaƙe.

Na rubuta masa wasiƙa sau biyu, bai amsa ba. Sai na je Bande wajen Rabi. Ta buɗe akwatin mijinta ta ciro wani kaye da ya sha hannu, wanda ya fara tsara darussan a ciki da fensir, duk ya cika da kankare da gyara. Ta ce, "Yaya Lawali, ni ban san abin da ke ciki ba. In zai yi wa marigayi amfani ka tafi da shi."

Taron cika shekara goma a gidan Alhaji Sani aka yi shi, bayan azahar, an kafa rumfa an yanka rago. Ƴan ajinmu sun zo daga wurare da dama. Aka tsara cewa za a kira sunan kowa a faɗi abin da ya zama. Wannan direkta ne, wancan ya shiga duwan, wato aikin kwastan, wani ya je hajji sau biyu, wani ya aurar da ƙannensa duka. Na ji daɗin wasu da gaske. Akwai wanda ya yi shekara goma a ƙauye ɗaya bai taɓa neman canji ba, na tashi na rungume shi. Waɗanda suka rasu aka haɗa su a fatiha ɗaya, ba a kira sunansu ba, wai kada a ɓata wa mutane rai. Supirefe aka ajiye a ƙarshe. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ya miƙe ya yi bayanin yadda ya sha wahala yana bin ƙauyuka da rugage yana tattara kalmomi daga bakin talakawa.

Da aka gama tafi na ɗaga hannu kamar ɗalibi. Na ce ina koyar da littafinsa, amma akwai kalma ɗaya a jerin harafin "da", bayan dawa da doki, da nake so mawallafi ya fassara mini ita. Na ce, "Mene ne dangwali?"

Ya yi murmushi ya gyara tabarau. Ya ce, "Haba Lawali, kai ma ka sani. Ai dangwalar tuwo ce a miya."

Habu ne ya fara dariya, irin tasa, sannan duk wanda aka haifa kusa da garke ya kama. Dangwali igiya ce da ake jera maruƙa a ɗaure su lokacin da ake tatsar uwayensu. Yaron da ya taɓa kwana a ruga ko sau ɗaya ya san ta. Ban yi dariya ba. Na ciro kayen fensir daga aljihu, na miƙa wa na kusa da ni, na ce ya duba rubutun ya miƙa gaba. Shekara huɗu muka yi muna kwafar aikin gida daga wannan hannu, ba wanda ya buƙaci a gaya masa na wane ne. Kayen na zagayawa dariyar tana mutuwa. Da ya isa hannun Habu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rufe fuska da hularsa.

Supirefe ya ce aikin ilimi na ƙasa ne, ba na mutum ɗaya ba. Na ce to don me aka sa sunan mutum ɗaya a bango. Na faɗi zancen takardar haraji a gaban kowa, da abin da tsohon ansipekta ya gaya mini. Alhaji Sani ya riƙe hannuna yana cewa a gidansa muke, in dubi girman Allah. Supirefe bai ci naman ragon ba. A bakin mota ya aiko direbansa ya kira ni, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Me kake so? Faɗi." Na ce abu biyu: a sa sunan Isaka a littafin, sannan ya je Bande ya durƙusa gaban Inna Jumma ya gaya mata abin da ya rubuta a kan ɗanta. Ya dube ni ya ce in tuna ta teburinsa takardun canjin wurin aiki ke bi. Ya shiga mota. Yau wata guda ke nan, bai je Bande ba.

Nakan tambayi kaina abin da Isaka zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin zai fara zuwa aji ne ya tsaya a baya, ya ji yara suna haɗa baƙi da wasali da harshen da uwarsu ta yi musu rawa da shi, ba ƙashin jaki a wuyan kowa. Zai ji daɗi. Zai nemi fensir ya gyara kuskuren nan nasa. Zancen suna kuwa, na san shi, zai ɗaga kafaɗa ya ce yara dai suna karatu. Shi haka Allah ya yi shi. Ni ba haka aka yi ni ba, kuma na ga inda irin wannan haƙuri ya kai shi. Ina so Supirefe ya ji kunya a duk taron da ya shiga. Ina so in ya miƙe zai yi jawabi ya riƙa duban fuskokin mutane yana tunanin wa ya sani, wa bai sani ba. Ina so ƴaƴansa su girma su ji labarin daga bakin wasu. An ce mini wannan ba halin musulmin kirki ba ne, kuma mai yiwuwa haka ne. Zan nemi gafarar Allah a kan nawa. Shi ma ya san hanyar Bande.

Me ya rage na Isaka? Kabari marar alama a gabashin gari, shanu huɗu da wansa ya dawo da su waɗanda yanzu sun hayayyafa, da tsohuwa da har yau ba ta san sunanta na cikin littafin gwamnati ba. Sai Zuwera, wadda bana za a sa ta lakwal, mai wushirya irin tasa. Sai kuma ɗaliban rumfar zana, waɗanda yanzu su ke karanta wa ƙauyensu wasiƙa. Wannan ba kaɗan ba ne, na sani. Amma bai ishe ni ba.

Satin da ya wuce na tattara duk littattafan da aka aiko wa lakwal ɗinmu na Waca, na zauna a ƙarƙashin bishiyar bedi da jar tawada. Kowane ɗaya na ja layi a kan sunan da ke bango, na rubuta Isaka na Bande a ƙasansa. Habu ya aiko mini da saƙo cewa ya yi haka a Dungas. Guda ɗaya na kai wa Rabi ta ajiye wa yarinyar, don ranar da ta iya haɗa haruffa, sunan ubanta ta fara karantawa. An sanar da ni cewa masu duba makarantu za su zo Waca wata mai kamawa, kuma ɓata kayan gwamnati laifi ne. Na jera littattafan a kan tebur, bango yana sama, inda mai shigowa zai fara gani.